Kallon Tsuntsayen Ruwa da na Gaɓa Daga Gombe: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da muka fara fita bakin dam ɗin Dadin Kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya, tambayoyi iri ɗaya ake jefo mana, a tasha, a majalisa, har a bakin ruwan. Wani da gaske yake son sani, wani kuwa tsokana ce kawai. Na tattara su a nan na amsa duka, har da na tsokanar.

Mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da tsuntsayen bakin teku?

Kullum da ita ake farawa, kuma mai ita yana da hujja, tunda daga Gombe zuwa Legas sai mutum ya yini ya kwana a mota. Sai dai tsuntsun da ake kira na gaɓa ba gishirin teku yake bi ba. Laka yake bi: taɓo mai laushi, ruwa iya idon sawu, inda tsutsa da ƙananan dodon-koɗi da 'ya'yan ƙwari suke ɓuya. A bakin teku ruwa kan ja baya sau biyu a yini ya buɗe masa wannan akushi, ya dawo ya rufe. A wurinmu sau ɗaya yake ja a shekara. Dam ya cika maƙil a ƙarshen damina, daga nan ya riƙa janyewa sannu a hankali har bazara, kowane mako yana barin sabon layin laka a bayansa. Wannan layin shi ne gaɓar tekunmu. Mai noman rani yana bin sa da fartanya, tsuntsu yana bin sa da baki.

Saboda haka da yawa daga irin tsuntsayen da ake kallo a bakin tekun Senegal ko Gana suna nan a bakin Gongola a watan Janairu. Ba dukansu ba, akwai waɗanda sai teku, zan zo kansu. Amma wanda ya iya karanta laka a nan, in ya je can ba baƙo ba ne.

Mene ne bambancin tsuntsun ruwa da na gaɓa?

Na ruwa yana iyo: agwagi, dinya, kwasakwasa. Na gaɓa yana takawa ne a bakin ruwa, ƙafa siririya, baki kamar tsinke, yana caccakar laka. Su zalɓe da balbela da shamuwa su ma takawa suke yi, amma manya ne, danginsu daban. A bakin ruwa dai duk tare za ka same su, kowa da zurfin da ƙafarsa ta ba shi.

Da gaske daga Turai suke zuwa? Wa ya bi su ya gani?

Da gaske ne, wasu ma daga can ƙuryar Rasha. Suna ƙyanƙyasa a can lokacin da mu muke damina, in sanyi ya fara daskarar da ruwansu sai su yo kudu, su ƙetare Bahar Rum da Sahara. Fadamun da suke fara tararwa bayan hamada su ne na Kogin Senegal, da na Neja a Mali, da Haɗeja zuwa Nguru, da Tafkin Cadi.

Su kansu Turawan sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi doguwar tafiyar nan da shi. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya aka shiga sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, yanzu kuma har 'yar na'ura ake ɗaura musu wadda tauraron ɗan'adam ke bibiya. Da irinta aka bi wani tsuntsun gaɓa mai dogon baki, ɗan wata biyar, a 2022: ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya a Ostireliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Namu ba su kai nan ba, amma ka riƙa tunawa, ƙaramin cikinsu da kake gani yana tsince-tsince a bakin dam nauyinsa bai fi giram 30 ba, kuma da fiffikensa ya ƙetare Sahara.

Wane lokaci ya fi?

Baƙin sukan fara isowa daga Satumba, su cika a Disamba zuwa Fabrairu, su fara komawa a Maris da Afrilu. Ni na fi son ƙarshen Fabrairu. Ruwa ya ja sosai, laka ta yi faɗi, hazo ya fara sauƙi, mazan agwagi kuma sun sauya gashi zuwa na aure, ana gane su da wuri.

A yini kuwa, daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da rana ta take, zafi kan sa iska ta riƙa rawa a cikin madubi, komai ya zama inuwa. Ka sa rana a bayanka. In da safe ne ka tsaya ta gabashin ruwa, da yamma ta yammacinsa. Wannan ɗan abu ya fi tsadar madubi amfani.

Shamuwarmu ta gida ita ce ke yin akasin haka. Da damina take zuwa ta yi sheƙa a bishiyoyin gari, in ruwa ya ɗauke ta yi kudancin Afirka. Wanda ya fita nemanta a Janairu ya yi asarar kuɗin mota.

Ina zan je a Gombe ko Bauchi?

Dadin Kowa ne na farko. Yana kan Kogin Gongola a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kimanin kilomita 40 daga garin Gombe ta hanyar Biu. Kada ka ɓata lokaci kusa da bangon dam ɗin inda ruwa ke da zurfi, babu abin da tsuntsun gaɓa zai ci a nan. Nemi lungunan da ruwa ya shiga tsakanin gonaki, da gonakin shinkafa na ƙasan dam. Akwai kuma dam ɗin Balanga.

A Bauchi akwai dam ɗin Gubi, wanda ke shayar da garin, ga shi kusa. Akwai Tafkin Maladumba a ƙasar Misau, wanda a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Yarjejeniyar ta samo sunanta ne daga garin Ramsar na Iran, inda aka ƙulla ta ranar 2 ga Fabrairu 1971. A Yankari kowa giwa da ruwan ɗumin Wikki yake zuwa nema, alhali an ƙirga fiye da nau'in tsuntsu 350 a dajin, kuma fadamar Kogin Gaji da rani cike take da zalɓe iri-iri. Can dai ba a yawo a ƙasa yadda aka ga dama, sai da ɗan rakiya.

Wanda ke Azare ko Katagum kuwa ya fi mu sa'a. Kogin Jama'are da ya ratsa ƙasarsu shi ne ke haɗuwa da na Haɗeja su yi fadamun nan da suka shahara, kuma Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙasar Bade a Yobe, ba ta yi masa nisa ba. Abin da muke ƙirgawa ɗari-ɗari a nan, can dubu-dubu ne.

Da waɗanne zan fara?

Da 'yan gida, waɗanda kakanninmu suka riga suka raɗa wa suna. Kirinjijiya ce ta fi yawa: farar fuska, baƙin ƙeya, tana tsayawa miƙe kamar soja, kukanta fito ne mai gaɓa uku. Da yawanmu mun sha jin ta da dare tana wucewa ta saman gari ba mu san ita ba ce. Dinya ita ce babba, baƙi da fari, fuska ja, da ƙaya a gwiwar fiffike. Dani kuma namijinsa ke da ƙullutu a kan baki. Zakaran ƙeƙuwa ba sai ka neme shi ba, shi zai gan ka ya tona maka asiri da ihu, duk bakin ruwa ya san ka iso.

Wanda na fi so shi ne taka-a-bado. Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, har yakan yi tafiya a kan ganyen bado bai nutse ba, sunan ya dace da shi. A gidansu mace ce babba, takan ajiye maza fiye da ɗaya, ta yi wa kowa ƙwai ta bar shi da kwanci da reno. In haɗari ya taso uban kan kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fiffike ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Na taɓa ba wani dattijo wannan labari a bakin ruwa, ya yi shiru, can ya ce, “Malam, wannan kada ka faɗe shi a cikin gida.”

Baƙin fa, tunda ba su da sunan Hausa?

Wasu suna da shi a bakin masunta da maharba, sunan kuma kan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ka tambaya ka rubuta. Sauran mukan kira su da siffarsu. Akwai agwagwa mai farar gira, wadda Turawa ke ce wa gargani, ƙarama ce, namijin yana da farin layi daga ido zuwa ƙeya. Akwai mai wutsiyar tsinke, doguwar wuya, siririya. Akwai mai ƙafar kara, fari da baƙi a kan jajayen ƙafafu dogaye har abin ya ba ka dariya. Akwai mai kaɗa gindi, shi kaɗai yake yawo a bakin ruwa, ba ya minti guda bai kaɗa ba.

Sai wanda ake kira raf, mai sa sabon shiga ciwon kai. A littafi za ka ga namijin da wata geza a wuya kamar an naɗa masa rawani. Wannan kwalliyar ta can Turai ce, lokacin aure. A nan launin ƙasa-ƙasa yake, ba ado, kuma namiji ya fi mace girma sosai, har ka rantse nau'i biyu ne a garke ɗaya.

Dabarar ita ce kada ka fara da launi, don yawancinsu launin laka ne. Dubi baki: gajere ne ko dogo, miƙaƙƙe ne ko ya lanƙwasa? Dubi tsawon ƙafa da launinta. Sannan dubi yadda yake ci. Wani gudu yake ya tsaya cak ya tsinta, wani ɗinki yake yi wa laka da baki kamar keken tela.

Sai na sayi madubi mai tsada?

A'a. In za ka saya, nemi mai rubutun 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Ka guji waɗanda ake tallarsu da manyan lambobi a kasuwa, hannu ba ya iya riƙe su ba rawa. Na gwanjo mai kyau ya fi sabo na banza. Kafin ka biya, kalli wayar lantarki da shi, in ta rabu biyu ka ajiye musu kayansu. Sai littafin rubutu da biro, ruwan sha, malfa, da tufa mai duhun launi. Farar shadda ta Juma'a ce. Manhajar Merlin, mai taimakawa wajen gane tsuntsu, kyauta ce a waya, ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu tun a gari, don bakin ruwa ba a dogara da sabis.

In hanya ta kai ni Legas ko Gana, me zai bambanta?

Agogo. A nan kalandar rani kake bi, can kuwa cikar teku da janyewarsa. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kusan minti 25, don haka kowace rana cikar kan yi jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya san rabin karatun. In ruwa ya janye gaba ɗaya tsuntsaye kan bazu can nesa, sai ɗigo-ɗigo. Ka isa kamar awa biyu kafin cika, ka zauna, ruwan da kansa zai koro maka su. A Legas tazarar cika da janyewa ba ta cika wuce mita 1 ba, ta fi girma ta wajen Bonny da Kalaba.

Can za ka ga waɗanda ba kasafai suke leƙo mu ba: mai bakin lauje da ke zaƙulo ƙaguwa daga rami, ɗan fari da ke tsere da igiyar ruwa, yana bin ta in ta koma yana gudu in ta dawo, da mai juya tsakuwa da baki yana duba ƙarƙashinta. A Gana, tafkunan bakin teku na Keta da Songor da Sakumono sun yi suna. Babbar matattara a wannan gefen na Afirka kuwa ita ce Banc d'Arguin a Muritaniya, inda tsuntsayen gaɓa fiye da miliyan ɗaya ke yin hunturu.

Sai na nemi izini?

Ka nema. Na taɓa zuwa wani dam ban gaya wa kowa ba, masu gadi suka ga mutum a tsugune cikin ciyawa da abu a ido yana rubuce-rubuce. Awa biyu na yi a zaune a benci ina bayani, sai da na buɗe musu hotunan agwagi ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba, a zamanin nan ko ni ne zan yi zargi. Yanzu duk inda na je sai na fara da gaida mai unguwa ko sarkin ruwa: “Ranka ya daɗe, tsuntsaye muka zo kallo, ba harbi ba.” Za a yi dariya, sannan a haɗa ka da yaron da ya san inda suke kwana. Kada ka nuna madubi ko kyamara wajen bangon dam, injinan wuta, ko inda mata ke wanki da wanka.

Akwai haɗari?

Akwai dorina a Dadin Kowa, manoman wurin sun san ɓarnarta. Kada ka shiga tsakaninta da ruwa, kada ka hau kwalekwale da almuru. Abin da ya fi dorina kama mutane shi ne tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan da ke kwance, don haka kallo daga tudu, in dole ne sai da takalmin roba. Lakar da ta bushe a sama tana iya haɗiye ƙafa har gwiwa, bi sawun shanu ko na masunta. In ka ga matattun tsuntsaye da yawa wuri ɗaya kada ka taɓa, ka sanar da ma'aikatan dabbobi. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Afirka, a Fabrairun 2006, masu kiwon kaji ba su manta ba.

Me ya sa ba kwa son a tashe su? Ai sun fi kyau a sama.

Sun fi kyau, amma kowane tashi kitse yake ci. A Maris tsuntsun nan yana tara guzurin ƙetare hamada ne, wasu sukan ƙara kusan rabin nauyinsu kafin su kama hanya. Wanda aka yini ana kora ba zai cika guzuri ba, kuma Sahara ba ta da zango. In ka ga sun daina ci sun miƙe wuya duk suna kallon ka, ka matso da yawa. Ja da baya ka zauna. In ka yi shiru na minti 20 su da kansu za su matso.

Mu manoma fa? Shinkafarmu suke ci.

Wasu suna ci, ba zan ɓoye ba. Kirinjijiya kan sauka gona da dare, raf ma yana tsintar shinkafa, ko da yake yawanci wadda ta zube bayan girbi ce. Amma mai ƙare gona jan-baki ne, shi kuwa ba tsuntsun ruwa ba ne. Balbela da shamuwa fara da tsutsa suke ci, ma'aikata ne ba albashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zuba guba a hatsi a watsa a bakin ruwa. Ba ta zaɓe, kuma tsuntsun da ta kashe sau da yawa a tukunyar wani yake ƙarewa.

Dattawa na cewa da sun fi haka yawa. Haka ne?

A kan gauraka dai babu musu. Ana kiran ta tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, amma yau da wuya ka gan ta a daji, kamu don ajiyewa a gidajen manya da lalacewar fadama sun kusa ƙarar da ita. Fadamun Haɗeja zuwa Nguru ma sun ragu tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan ne ya sa maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are take da zafi: mutanen Bauchi na hangen noman rani, na ƙasa a Yobe da Borno na tsoron a yanke musu ruwan da ya rage. Ni da nake kallon tsuntsu a bakin wani dam ɗin ba ni da bakin zagin dam. Yakan yi sabuwar gaɓa a sama, ya kashe tsohuwa a ƙasa.

Ba aikin banza ba ne babba da gemu ya zauna ƙirgar tsuntsaye?

Mai wannan tambaya nakan tuna masa cewa Annabi Sulaimanu ya binciki rundunar tsuntsaye har ya lura babu alhudahuda. Ƙirgar kuma tana da inda take zuwa. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar kowane Janairu, ƙungiyar Wetlands International ke tattarawa, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake sanin wane dausayi ne ya cancanci kariya. A nan gida akwai cibiyar APLORI a Laminga kusa da Jos, mai horar da masana tsuntsaye, ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda kowa zai iya sa hannu ta manhajar BirdLasser. Arewa maso gabas na cikin inda taswirar ta fi buƙatar masu cikewa.

Ƙirgar garke ba wuya. Ƙirga goma, ka riƙe girman wurin da suka ci a idonka, sai ka riƙa aunawa goma-goma kamar mai awon hatsi da mudu. In garken babba ne, auna da hamsin ko ɗari. Rubuta rana, wuri, lokaci, da inda ruwa ya tsaya.

Yaro ya harbo tsuntsu da danƙo, mun ga zobe a ƙafarsa. Asiri ne?

Ba asiri ba ne, ba na leƙen asiri ba ne, kuma ba azurfa ba ce, kada a kai wa maƙeri. Ƙarfe ne mara nauyi, ɗauke da lamba da sunan cibiyar da ta sa shi, sau da yawa sunan wani birni ne na Turai. Ka kwafe duk abin da ke jiki harafi-harafi, ka ɗauki hoton zoben da na tsuntsun, ka rubuta rana da sunan ƙauye mafi kusa, ka aika wa APLORI ko cibiyar da sunanta ke jiki. Galibi sukan maido da amsa: ga inda aka sa masa, ga shekarar. In tsuntsun da rai yake, a cikin taru ko tarko, kada a cire zoben. A karanta lambar a sake shi.